Ibnu Sina: Likitan da Ya Binciki Ƙwaƙwalwa, Ya Sa wa Magani Awo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam ya ba shi hankali, ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayena da malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, wannan tarihin Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi ne, wanda duniya ta sani da Ibnu Sina. Malaman Gabas suna yi masa laƙabi da Asshaikhur Ra'is, Turawa kuma suna ce masa Avicenna. Ya yi rubutu a kan falsafa da lissafi da taurari, amma ni a kan abu biyu zan tsaya: abin da ya fahimta game da ƙwaƙwalwa da cututtukanta, da yadda ya koyar cewa magani sai da awo. Duka biyun suna taɓa mu a Zango yau.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi wajen shekara ta 370 bayan Hijira, wato 980 Miladiyya, a ƙauyen Afshana kusa da birnin Bukhara, a ƙasar da yanzu ake kira Uzbekistan. Bukharan nan ita ce garin Imamul Bukhari mai Sahihi, wanda ya rasu shekara ɗari da goma kafin nan. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, yana yi wa sarakunan Samaniyawa aiki. Sunan mahaifiyarsa Sitara.

Inda muka fara karatu, nan shi ma ya fara. Yana da shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Ya yi fiƙihu wurin Malam Isma'il Azzahid. Lissafi kuwa, babansa ya tura shi wurin wani mai sayar da kayan miya a kasuwa, saboda mutumin ya iya lissafin Indiyawa. Kun ga ke nan ba a raina malami don sana'arsa. Daga baya aka sauke wani malami a gidansu, Abu Abdullahi Annatili, ya koya masa ilimin manɗiƙi da littafin Iƙlidis na awon zane. Ba a daɗe ba yaro ya riƙa warware wa malaminsa wuraren da suka ɗaure masa, daga nan ya ci gaba da karatu shi kaɗai.

A tarihin kansa da ya shifta wa almajirinsa, ya ba da labarin cewa in mas'ala ta gagare shi, masallaci yake tafiya ya yi salla ya roƙi Allah buɗi, da dare kuma ya kunna fitila ya koma kan littafi. Akwai littafin Arisɗo na ilimin abin da ke bayan ɗabi'a da ya karanta sau 40 har ya haddace, amma bai gane ba. Wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami 3. Ashe sharhin Alfarabi ne a kan wancan littafin. Da ya karanta sai komai ya buɗe masa, washegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah.

Yana da shekara 16 ya duƙufa kan ilimin likita, yana karatu yana kuma duba marasa lafiya. Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo, aka kira shi cikin likitocin da za su duba shi. Da sarki ya samu sauƙi, abin da saurayin ya roƙa shi ne a bar shi ya shiga ɗakin littattafan fada. Ɗakuna ne da yawa, kowane fanni da ɗakinsa. Kafin ya cika shekara 18 ya gama da abin da yake nema a ciki.

Shekarun yawo

Bai samu zama wuri ɗaya ba. Daular Samaniyawa ta faɗi a 999, mahaifinsa kuma ya rasu yana da shekara 22. Ya tafi Gurganj a ƙasar Khuwarizm, daga can ya yi ta sauya gari har ya isa Jurjan. A nan ya haɗu da Abu Ubaidu Aljuzjani, almajirin da bai ƙara rabuwa da shi ba, wanda kuma ya rubuta mana ragowar tarihinsa. A Rayyu, kusa da Tehran ta yanzu, ya yi jinyar sarki Majduddaula da ciwon baƙin ciki ya kama. A Hamadan ya warkar da sarki Shamsuddaula daga murɗar ciki, aka naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore, ya ɓuya kwana 40, ciwon sarki ya dawo, aka neme shi aka mayar da shi kan muƙaminsa.

Da rana yana aikin fada, da dare ɗalibai su taru a gidansa ana karatu. Bayan rasuwar Shamsuddaula a 1021 ya ɓuya a gidan wani mai sayar da turare da magunguna, yana rubuta shafi 50 a rana ba tare da littafi a gabansa ba. Aka kama shi aka tsare a gidan yarin Fardajan wata 4, can ma rubutu ya yi ta yi. Daga baya ya fita daga Hamadan cikin shigar sufaye, ya tafi Isfahan wurin sarki Ala'uddaula, inda ya yi sauran rayuwarsa.

A cikin wannan gudu da ɓuya ya rubuta babban littafinsa na likita, Alƙanun fiɗ Ɗibbi. Ya fara shi a Jurjan, ya kammala a Hamadan. Juzu'i 5 ne. Na farko ƙa'idojin lafiya da sassan jiki, na biyu magunguna ɗaiɗaiku wajen 800, na uku cututtuka daga kai zuwa ƙafa, na huɗu cututtukan da ke game jiki kamar zazzaɓi da guba da karaya, na biyar magungunan da ake harhaɗawa.

Abin da ya ce game da ƙwaƙwalwa

Juzu'i na uku da kai ya fara. Ya kawo ciwon kai iri-iri har da na ɓari ɗaya, da kumburin rigar ƙwaƙwalwa mai zuwa da zazzaɓi da sambatu, irin wanda sanƙarau ke kawowa. Ya kawo farfaɗiya, da faɗuwar farat ɗaya da ke barin mutum da shanyewar ɓarin jiki, da karkarwar hannu, da mantuwa, da rashin barci, har da dannau. Kowanne ya faɗi alamominsa da sanadinsa da yadda za a bambanta shi da mai kama da shi. Misali karkacewar baki, ya raba ta biyu: wadda ke zuwa don naman fuska ya saki, da wadda ke zuwa don ya ɗaure, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ya kuma yi ƙoƙarin gano inda kowane aiki na tunani yake zaune. A ganinsa, gaban ƙwaƙwalwa ne ke tattara abin da ido da kunne da hanci suka kawo ya adana surarsu, tsakiya ce ke tunani da gane abin tsoro da abin so, baya kuma ita ce ma'ajiyar hadda. Don haka in mutum ya rasa hadda amma yana gane mutane, likita ya san ɓangaren da zai tuhuma.

A nan akwai inda bincike na baya ya gyara masa. Shi ya ɗauka ayyukan nan a cikin kogunan ƙwaƙwalwa suke, alhali kogunan ruwa ne a ciki, aikin kuwa a naman ƙwaƙwalwar yake. Sai da aka samu madubin ƙara girman abu, wani likita ɗan ƙasar Sifen, Ramon y Cajal, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ƙananan ƙwayoyi ce masu miƙa wa juna saƙo, aka ba shi kyautar Nobel a 1906. Yanzu an ƙiyasta ƙwayoyin nan sun kai biliyan 86. Jijiyoyin da ke fitowa daga kai ma, shi ya ƙirga tagwaye 7 kamar yadda Jalinus ya ƙirga, yau ana ƙirga 12. Amma tushen maganarsa, cewa kowane ɓangare da aikinsa kuma ciwon ɓangare yana nuna kansa a halin mutum, har yanzu a kansa likitoci suke.

Bai manta da yara ba. Ya yi bayanin ruwan da ke taruwa a kan jariri har kan ya kumbura. Ya ce a shayar da yaro shekara 2, a riƙa jijjiga shi a hankali ana yi masa 'yar waƙar reno, jijjigar don jikinsa, waƙar don ransa. Ya ja kunnen iyaye kada a bar yaro cikin tsananin fushi ko tsoro ko baƙin ciki, domin waɗannan suna ɓata hali, su ɓata lafiya. In ya kai shekara 6 a miƙa shi ga malami, a bi da shi sannu-sannu, kada a ɗaure shi kan littafi yini guda. Iyayenmu mata da ke goyo suna rarrashi, ashe aikin gina ƙwaƙwalwa suke yi.

Ga wani wuri da ya kamata mu tsaya. Da ya zo kan ciwon baƙin ciki mai juya tunani, ya ambaci cewa wasu likitoci suna danganta shi ga aljannu. Bai tsaya jayayya da su ba. Abin da ya nuna shi ne, ko ma mene ne asalin, ciwon ta hanyar canjin da ya auku a jiki yake bayyana, kuma wannan canjin shi ne aikin likita. Farfaɗiya ma ya sa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, ya ce toshewa ce ke hana saƙo wucewa yadda ya kamata, ya lissafa abubuwan da ke tayar da ita. To, mu fa? A unguwanninmu in yaro ya faɗi yana shure-shure, sai a watse, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Wani a cire shi daga makaranta, wata a fasa aurenta. Wallahi farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in shure-shuren ya lafa a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ga Komfo Anokye nan cikin Kumasi, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna daina faɗuwa in suka samu maganin da ya dace suka riƙe shi.

Yana kuma lura da yadda damuwar zuciya ke taɓa jiki. A Alƙanun ya bayyana dabarar gano mai ciwon so da ya ƙi faɗa: likita ya riƙe jijiyar hannunsa, a riƙa ambaton sunayen unguwanni da gidaje da mutane, inda bugun ya canza, nan matsalar take.

Magani da awonsa

A farkon juzu'i na biyu ya kafa sharuɗɗa 7 kafin a yarda cewa magani yana aiki. Maganin ya zama tsantsa, bai gauraya ko ya lalace ba. A gwada shi a kan cuta guda, ba mai cututtuka da yawa a haɗe ba. A gwada shi a kan cututtuka biyu masu saɓani don a gane ainihin aikinsa. Ƙarfinsa ya yi daidai da ƙarfin cutar, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. A lura da lokacin da ya ɗauka kafin ya yi aiki. Aikin ya riƙa maimaituwa a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kawai. Na ƙarshe, a gan shi a jikin mutum, domin abin da ya yi wa zaki ko doki ba hujja ba ne a kan ɗan Adam. Ku auna waɗannan sharuɗɗa da mai tallan magani a tasha ko cikin trotro, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da ciwon baya da hawan jini da rashin haihuwa.

Cikin magungunan da ya yi bayani akwai afyun, ƙaron da ake tatsa daga kwanson wani fure. Ya san shi ne mafi ƙarfi wajen kashe zafin ciwo, yana sa barci, yana tsayar da tari da gudawa. Ya kuma rubuta illarsa: yana dusashe fahimta, yana ƙuntata numfashi, in ya yi yawa yana kisa. Shawararsa ita ce likita ya fara neman sanadin ciwon ya kawar, kada ya kai hannu ga mai sa maye sai dole, kuma da ɗan kaɗan.

Shekaru ɗaruruwa bayansa aka gane dalilin abin da ya gani. A farkon ƙarni na 19 wani Bajamushe mai haɗa magani, Sertürner, ya ware sinadarin mofin daga afyun. A 1973 masu bincike suka gano cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan gurabe da irin wannan sinadari ke shiga kamar mabuɗi cikin kwaɗo. A 1975 kuma aka gano a Aberdeen cewa jiki da kansa yana yin nasa mai kama da shi don rage zafi. Wasu daga cikin guraben nan suna wurin da ke kula da numfashi, shi ya sa wanda ya sha da yawa numfashinsa ke tsayawa.

Rasuwarsa

Abin mamaki da ban tausayi, awon magani na cikin abin da ya kai shi kabari. Aljuzjani ya ba da labari cewa suna cikin tafiyar yaƙi tare da Ala'uddaula sai murɗar ciki ta kama shi. Don gudun kada a bar shi a baya, ya yi wa kansa ɗurin magani ta ƙasa har sau 8 a rana ɗaya, hanjinsa ya yi rauni. Daga nan ya fara faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ya umarta a sa ƙwayar wani ganye da Larabawa ke kira karafsu awon daniƙ 2 cikin maganinsa, likitan da ke haɗawa ya sa dirhami 5. Dirhami ɗaya daniƙ 6 ne, kun ga an ninka sau 15 ke nan. Aljuzjani ya ce bai sani ba ko ganganci ne ko kuskure. Sannan wani baransa ya zuba afyun mai yawa cikin maganin da yake sha, domin barorin sun ci masa dukiya suna tsoron asirinsu ya tonu.

Ya ɗan farfaɗo, amma bai kiyaye jikinsa ba, ciwon ya riƙa tafiya yana dawowa. A hanyar Hamadan ya gane ƙarfinsa ya ƙare, ya daina shan magani. Masu tarihi sun ce ya yi wanka ya tuba, ya raba dukiyarsa ga talakawa, ya 'yanta bayinsa, ya riƙa sauke Alƙur'ani duk kwana 3. Ya rasu a Hamadan cikin watan Ramadan na 428, wato 1037, yana da shekara 58 a lissafin Hijira. Kabarinsa na can a ƙasar Iran.

Abin da ya bari

A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara Alƙanun zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila na Andalus. Jami'o'in Turai suka riƙe shi littafin koyarwa, a Montpellier da Leuven har wajen 1650. An buga shi da Larabci a birnin Rum a 1593. A ƙasashen Musulmi an yi masa sharhi da yawa. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, a cikin sharhinsa ne ya gyara masa kuskure, ya bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu.

Dole a faɗi cewa malaman addini sun yi masa raddi a fannin aƙida. Imamul Gazali a littafinsa Tahafutul Falasifa ya yi wa masu falsafa martani mai zafi, musamman a kan mas'aloli 3: cewa duniya ba ta da farko, da yadda suka fassara sanin Allah ga ƙananan abubuwa, da tashin jikkuna ranar Alƙiyama. A waɗannan muna tare da abin da malamanmu suka karantar da mu. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, ilimin likitancinsa kuwa al'umma ta amfana da shi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Darasinmu a Krofrom

'Yan'uwana matasa, ƙwayar da ake kira tiramol dangin afyun ce a wurin aiki, guraben nan na ƙwaƙwalwa take shiga. Maganin ciwo ce ta gaskiya in likita ya rubuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai miligiram 50 da mai 100, amma wadda ke yawo a lungu har da mai 225 da 250. Wani ya sha don ya jure dako a kasuwa, wani don tuƙin pragya har dare, wani don abokai sun sha. In ta yi yawa tana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, tana danne numfashi, kuma jiki na sabawa har ya riƙa neman ƙari. Masu bincike sun nuna gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Mu da muke 15 zuwa 20, gininmu ɗanye ne tukuna. In babban likitan zamaninsa bai tsira daga awon da aka ninka masa ba, ina ga wanda ya karɓi ƙwaya a hannun aboki bai ma san abin da ke ciki ba? Wanda kuma ya riga ya faɗa, ciwo ne ya kama shi, a ja shi a jiki a kai shi wurin likita, kora da zagi ba sa warkarwa.

Iyayenmu kuma, don Allah ku bar mu mu haɗa allo da boko. Yaron da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10 shi ne ya rubuta littafin da Turai ta karanta shekara ɗari biyar. Makarantar likita ta KNUST tana garin nan namu, kuma Zango na buƙatar likitocin ƙwaƙwalwa, maza da mata, masu jin Hausa, waɗanda tsohuwa za ta iya gaya musu damuwarta ba tare da tafinta ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shiryi matasanmu, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.